A Bar Wa Kifi Hanyarsa

Ran 2 ga watan Oktoba na shekarar 2024 Gwamnan Jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka ya ba da sanarwa cewa an gama aikin rushe madatsun ruwa guda huɗu da ke kan Kogin Klamath. An kashe kimanin dala miliyan 500 a kan wannan aiki, kuma ba a taɓa yin aikin rushe madatsun ruwa a ƙasar wanda ya kai shi girma ba. Mako biyu bayan sanarwar, ma'aikatan kula da kifi na Jihar Oregon suka hangi wani babban kifi da ake kira salmon a cikin wani rafi, fiye da kilomita 350 daga bakin teku, a yankin da rabon da a ga irinsa tun shekarar 1912.

Duk wanda ya taso a ƙasar nan, inda buɗe madatsar ruwa ya zama bikin kaɗe-kaɗe da jawaban manya, zai ji labarin nan banbaraƙwai. Yaya za a ce mutane masu hankali sun narka dukiya sun gina abu, sa'an nan jikokinsu su sake narka wata dukiyar su rushe shi, wai don kifi? Tambayar tana kan hanya, kuma ya kamata a amsa ta da natsuwa, domin a cikin amsar akwai darasin da ya shafi masuntan Kwara da Binuwai da Rima da Haɗeja. Ya kuma shafi ma'aikatan da ke tsara ayyukan ruwa a ofisoshin gwamnati, da ɗaliban da za su gaji kujerunsu gobe.

Da farko dai sai a san kifin da ake magana a kansa. Shi salmon kifi ne na ƙasashen sanyi, kuma rayuwarsa ta rabu gida biyu, rabi a ruwan daɗi rabi a ruwan gishiri. Uwar takan hau can saman kogi, inda ruwa ke da sanyi da haske, ta sami wuri mai tsakuwa, ta haƙa rami da wutsiyarta, ta zuba ƙwai dubbai, namiji ya barbare su, sa'an nan ta rufe su da tsakuwa. Ruwan da ke ratsa tsakanin tsakuwar shi ke kai wa ƙwan iskar da suke rayuwa da ita. In sun ƙyanƙyashe, 'ya'yan sukan zauna a rafin wata da watanni, wasu irin har fiye da shekara, kafin su gangara teku. A teku suke girma, shekara biyu ko uku ko huɗu, suna yawon dubban kilomita. Da lokacin haihuwa ya yi, sai su juyo, su nemi bakin kogin da suka fito, su yi ta hawa suna fama da igiyar ruwa da tsallake duwatsu, ba ci, har su isa ainihin rafin da aka ƙyanƙyashe su. Masana sun tabbatar da cewa ƙanshin ruwan rafin ne ke yi musu jagora a ƙarshen tafiyar.

Irin salmon na Tekun Fasifik, da zarar sun zuba ƙwai sai su mutu. Gawarwakinsu su ne abincin namun daji da mikiya da ƙwarin ruwa, ƙwarin nan kuwa su ne abincin 'ya'yan kifin da za su ƙyanƙyashe. Abin da namun daji suka ja zuwa tudu ya zama takin itatuwan bakin rafi, itatuwan kuma su yi wa ruwan inuwa ya riƙe sanyinsa. Har an auna ganyen itatuwan da ke gefen irin waɗannan rafuka an sami sinadarin da asalinsa daga teku yake. Watau dai kifin yana ɗauko albarkar teku ya kai wa daji, daji kuma ya rena masa 'ya'ya.

Daga wannan bayani mai karatu zai gane cewa bukatun kifin ba su da yawa, amma babu wadda za a iya tsamewa. Yana bukatar hanya a buɗe daga teku zuwa saman kogi, da ruwa mai sanyi, domin in zafin ruwa ya haura digiri 20 ya daɗe a haka kifin yakan galabaita, cuta ta kama shi. Yana bukatar tsakuwa mai tsabta wadda laka ba ta toshe ba, da maɓoya inda 'ya'yan za su fake wa tsuntsaye da ƙarfin ambaliya. A cikin shekara ɗari da hamsin da suka wuce an taɓa kowace ɗaya daga cikin waɗannan. Masu haƙar zinariya sun tumbuke ƙasan rafuka, masu saran katako sun aske gaɓa, manoma sun janye ruwa zuwa gonaki, masu gina hanyoyi sun cusa rafuka cikin ƙananan kwalbatoci, masu neman lantarki kuma suka datse manyan koguna.

Labarin Kogin Elwha, a Jihar Washinton, ya isa misali. Kogi ne gajere, tsawonsa kimanin kilomita 72, amma an ƙiyasta cewa a da salmon wajen 400,000 ke hawansa kowace shekara, har da waɗansu manya da nauyinsu kan kai kilo 45. Cikin 1913 wani ɗan kasuwa mai suna Thomas Aldwell ya gama gina madatsa mai tsayin mita 33, kilomita takwas kacal daga bakin teku, don samar da lantarki. Tun 1890 dokar jihar ta wajabta wa duk wanda ya datse kogi ya bar wa kifi hanyar wucewa. Ba a bar hanyar ba. Maimakon hukuma ta tsaya a kan dokarta, sai aka sasanta a kan a gina gidan ƙyanƙyasar kifi a gindin madatsar. Gidan bai yi ƙarko ba, cikin 1922 aka rufe shi, madatsa kuwa tana nan daram. Cikin 1927 aka ƙara ta biyu a sama, mai tsayin mita 64. Daga nan kifi ya yi ta raguwa har ya koma 'yan dubbai. Waɗanda suka fi jin jiki su ne mutanen ƙabilar Klallam, 'yan asalin wurin, waɗanda abincinsu da sana'arsu da al'adunsu duk a kan kifin nan suke, kuma babu wanda ya nemi shawararsu sa'ad da ake ginin.

Sun yi shekaru suna kai ƙara kafin a saurare su. Cikin 1992 Majalisar Dokokin Amurka ta zartar da dokar farfaɗo da kogin, cikin 2000 Gwamnatin Tarayya ta sayi madatsun biyu, amma ba a fara rushewa ba sai watan Satumba na 2011, aka gama cikin 2014. Wannan jinkiri yana da dalili. Laka da yashi da tsakuwa wajen tan miliyan 30 sun taru a bayan madatsun, in aka sake su gaba ɗaya za su binne abin da ke ƙasa. Saboda haka aka riƙa rage tsayin ginin kaɗan kaɗan, ana dakatawa duk lokacin da kifi ke hawa. Sai da aka gina sabon wurin tace ruwan sha domin garin da ke kusa. An dasa itatuwa da ciyayi dubu ɗaruruwa a filin da tafkunan suka bari. An kuma hana su a kogin baki ɗaya tun daga 2011, har da mutanen ƙabilar da suka yi gwagwarmayar, kuma suka yarda suka haƙura. Kifi ya wuce inda madatsun suke, ya zuba ƙwai a rafukan da kakanninsa suka bari shekara ɗari. Yashin da ya gangara ya sake gina gaɓar teku a bakin kogin. Sai cikin watan Oktoba na 2023 aka ƙyale ƙabilar ta kama ɗan abin da za ta ci da na bukukuwanta, bayan shekara goma sha biyu. Har yanzu yawan kifin bai kusanci na da ba, amma yana haihuwa da kansa, wannan kuwa shi ne abin da ake nema.

Labarin Klamath ya fi wannan ɗaci, domin an sa talaka da talaka faɗa a kan ruwa. A da kogin shi ne na uku wajen yawan salmon a gaɓar yammacin Amurka. An gina madatsun nan huɗu tsakanin 1918 da farkon shekarun 1960, suka rufe wa kifi kimanin kilomita 640 na kogi da rafuka. Can sama da su kuma akwai babban aikin noman rani na gwamnati. Cikin 2001 aka yi fari, hukuma ta rufe wa manoma ruwa don ceton kifi, manoma suka yi bore har suka buɗe ƙofofin ruwa da ƙarfi. Shekarar da ta biyo aka ba manoma ruwansu, kogi ya ja baya ya yi ɗumi. Cikin watan Satumba na 2002 manyan salmon da suka shigo daga teku suka cunkushe a ƙasan kogin, cuta ta ɓarke a cikinsu, aka ƙirga gawa fiye da 34,000, waɗansu ma sun ce adadin ya ninka haka. Mutanen ƙabilun Yurok da Karuk suka wayi gari suna kallon abincinsu yana ruɓewa a bakin gaɓa.

Abin da ya kawo ƙarshen madatsun lissafi ne. Lasisin kamfanin da ya mallake su ya ƙare cikin 2006, hukuma kuwa ta ce ba za a sabunta shi ba sai an gina wa kifi matakalar hawa, an kuma gyara ingancin ruwan, domin tafkunan sun zama matattarar wata gansakuka mai dafi. Da aka buga lissafi sai aka ga gyaran ya fi rushewa tsada, ga shi lantarkin da madatsun ke bayarwa bai kai kashi biyu cikin ɗari na abin da kamfanin ke samarwa ba, kuma ba su ne ke tara wa manoma ruwan ban gona ba. Cikin watan Nuwamba na 2022 hukumar tarayya mai kula da lantarki ta amince, aka rushe ta farko cikin 2023, sauran ukun cikin 2024. Aikin bai tafi sumul ba. Lakar da ta fito ta kashe kifi a makonnin farko, kuma dubban ɗaruruwan 'ya'yan kifi da aka saki daga gidan ƙyanƙyasa sun hallaka wajen ratsa wani ramin ruwa a gindin madatsar ƙarshe. Masu gidaje a bakin tafkunan sun rasa abin da ya ba gidajensu daraja. Rikicin rabon ruwa tsakanin manoma da masunta ma bai mutu ba. Duk da haka kogin ya buɗe, kifi kuma bai jira goron gayyata ba.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa farfaɗo da kogi rushe madatsa ne kawai. Mafi yawan aikin ƙanana ne, a ƙananan rafuka ake yin sa, ba ya kuma shiga labaran rediyo. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce hukumomi da kansu sun biya ma'aikata su kwashe kututturan itatuwan da suka faɗa rafuka, a zatonsu suna share wa kifi hanya. Daga baya aka gane cewa kututturan nan su ke rage gudun ruwa, su haƙa gurabu masu zurfi da sanyi, su tare tsakuwar da ake zuba ƙwai. Yau ana biyan kuɗi a mayar da su, wani lokaci har da jirgin sama mai saukar ungulu. Ana dasa itatuwa a gaɓa, ana killace ta don kada shanu su tattake, ana fasa tsofaffin ganuwoyi don kogi ya sake malala cikin fadamarsa. Ana kuma sauya kwalbatoci. A Jihar Washinton ƙabilun da suka yi yarjejeniya da gwamnati tun 1854 da 1855 sun kai jihar kotu, suka ce haƙƙin kamun kifi ba shi da amfani in an hana kifin haihuwa. Cikin 2013 kotu ta umarci jihar ta gyara ɗaruruwan kwalbatocin da ke tare kifi a ƙarƙashin hanyoyinta, hukuncin ya tsaya a Kotun Ƙoli cikin 2018, kuma aikin yana cin biliyoyin dala. Da an faɗaɗa kwalbatocin tun ranar gini, da abin da za a kashe bai taka kara ya karya ba.

Turai ma ta sha irin wannan darasi. Cikin 1885 an kama salmon wajen 250,000 a Kogin Rhine, amma kafin 1960 babu ko ɗaya. Sai da gobara ta tashi a wani rumbun magunguna kusa da birnin Basel cikin 1986, dafi ya kwarara kogin ya kashe kifi a tsawon ɗaruruwan kilomita, sa'an nan ƙasashen da ke gaɓarsa suka haɗa kai suka sa dawowar salmon ta zama ma'aunin aikinsu. An tsabtace ruwan, an gina matakalai, kifi ya fara dawowa, amma har yanzu sai ana tallafa masa da 'ya'yan gidan ƙyanƙyasa. A Kogin Thames na Ingila an shafe shekara talatin ana zuba 'ya'yan salmon, daga bisani aka daina ba tare da kifin ya kafu ba. Abin da wannan ya nuna shi ne gidan ƙyanƙyasa ba ya maye gurbin kogi. In babu hanya da tsakuwa da ruwa mai kyau, zuba 'ya'yan kifi zuba ruwa ne a kwando.

To, me ya haɗa wannan da Nijeriya, wadda ba ta da salmon ko ɗaya? Abin da ya haɗa su shi ne kifin ƙasar nan ma matafiyi ne, ko da yake ba teku yake zuwa ba. Kowane masunci ya san cewa da ruwan damina ya fara tashi, tarwaɗa da kawara da tsage da kurungu da yauni da bargi sukan hau kogi, su bi ambaliya su shiga fadama, su zuba ƙwai cikin ciyawar da ruwa ya shanye. A nan 'ya'yan ke samun abinci da maɓoya. In ruwa ya fara ja da kaka sai su komo gulbi, waɗansu su rage a tafkuna. Fadama ita ce ɗakin haihuwar kifin ƙasar nan, ambaliya kuwa ita ce hanyarsa. Shi ya sa masunta ke cewa shekarar da ruwa ya cika ya daɗe, kifi yakan yi yawa a bayanta. Duk abin da ya hana ambaliya zuwa a kan lokacinta, ko ya raba gulbi da fadama, ya yi wa kifin nan abin da madatsar Elwha ta yi wa salmon.

An kuwa datse koguna da yawa. An gama Kainji cikin 1968, Tiga cikin 1974, Bakolori cikin 1978, Calawa cikin 1992, ga Goronyo da Jebba da Shiroro da sauransu, ga kuma Lagdo a kan Binuwai cikin ƙasar Kamaru tun 1982. Babu mai musun amfaninsu. Daga gare su ake samun lantarki da ruwan shan manyan birane da tumatir da shinkafa da alkamar rani, tafkunansu ma sun zama wuraren su. Babu mai hankalin da zai ce a ɗauki guduma a nufi Kainji, domin madatsun Klamath an rushe su ne bayan an tabbatar amfaninsu bai kai ɓarnarsu ba, waɗannan kuwa miliyoyin mutane sun dogara da su. Amma a lissafin da aka yi kafin gina su ba a cika sa mutanen da ke ƙasan madatsa a ciki ba. Binciken da aka yi a kwarin Sakkwato bayan gina Bakolori ya nuna cewa raguwar ambaliya ta rage noman shinkafar fadama, ta kuma rage kamun kifi, har masunta da dama suka bar garuruwansu.

A fadamar Haɗeja da Nguru abin ya zo da fuska biyu. Madatsun Tiga da Calawa, tare da farin shekarun 1970 da 1980, sun rage faɗin filin da ambaliya kan mamaye. Sa'an nan ruwan da ake saki da rani ya sa hanyoyin da a da sukan bushe suka zauna a jiƙe shekara cur, sai kacala ta samu wuri ta toshe su. Ruwa ya rasa tsohuwar hanyarsa, ya cinye gonakin waɗansu ƙauyuka, waɗansu kuma ya daina isa gare su sam. Masana tattalin arziki da suka auna a farkon shekarun 1990 sun sami cewa in aka haɗa kifi da noman fadama da itacen wuta, ruwan da aka bari ya malala a fadamar ya fi wanda aka tare don manyan ayyukan noman rani kawo amfani, nesa ba kusa ba. Ba a rasa wannan ilimi ba, aiki da shi ne ya yi ƙaranci.

Gyara kuwa yana yiwuwa, kuma ba sai an je Amurka za a ga shaida ba. A arewacin Kamaru an gina madatsar Maga da ganuwa a gefen Kogin Logone cikin 1979 don noman shinkafa, ambaliya ta daina shiga babbar fadamar da ke yankin Waza, kifi ya ragu, makiyaya suka rasa ciyawa, mutane suka watse. Cikin 1994 aka fasa ganuwar a wuri ɗaya aka sake buɗe wata tsohuwar hanyar ruwa, ambaliya ta koma ta mamaye kimanin murabba'in kilomita 200. Ciyawa ta farfaɗo, kifi ya dawo, masunta da makiyaya suka biyo shi, madatsar kuma tana nan tana aikinta. Ko a al'adar ƙasar nan akwai wannan hikima. Gulbin Matan Fada da ake bikin kamun kifi na Argungu a cikinsa, bikin da ya samo sunansa tun ziyarar Sarkin Musulmi Hassan cikin 1934, yana ba da manyan giwan ruwa ne domin Sarkin Ruwa yana hana taɓa shi sauran kwanakin shekara.

Saboda haka akwai abubuwan da ya wajaba hukumomi su dube su da idon basira. Na farko, hukumomin raya kwarin koguna su tsara sakin ruwa daga madatsunsu yadda zai kwaikwayi ambaliyar damina, a saki isasshe a watannin da kifi ke haihuwa, a kuma bar hanyoyin fadama su bushe da rani inda ya yiwu. A yi wannan da shawarar sarakunan ruwa da manoma da makiyaya, a kuma sanar da mutanen ƙasa kafin a buɗe ƙofofi, don kada gyara ya zama ɓarna.

Na biyu, duk wata sabuwar madatsa ko hanya ko gada da za ta ratsa fadama, a tilasta wa masu tsara ta su nuna a rubuce ta inda ruwa da kifi za su wuce. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa da dokar auna illar manyan ayyuka ga muhalli duk suna nan tun 1992. Abin da ya faru a Elwha ya nuna yadda doka mai kyau kan mutu a hannun jami'in da ya yarda a sasanta. Kada kuma a kwaso zanen matakalar salmon a dasa a nan, domin shi gwanin tsalle ne, yawancin kifin ƙasar nan kuwa ba haka suke ba. Aikin Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi da ke Sabuwar Bussa ne, tare da jami'o'i, su auna lokacin tafiyar kowane iri da ƙarfin iyonsa, a kuma ba su kuɗin yin haka.

Na uku, gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi su kama ƙananan ayyukan da ke hannunsu. A hana sare itatuwan gaɓa da noma har bakin ruwa, a ƙayyade wa masu ɗibar yashi wuri da lokaci, a hana masana'antu, musamman na jima, zubar da dagwalonsu cikin kogi ba a tace ba. Aikin yanke kacala ya zama na kowace shekara, da hannun mutanen ƙauyukan da abin ya shafa.

Na huɗu ya rataya a wuyan masunta da shugabanninsu. Mai zuba guba a ruwa, da mai jan raga mai ido kamar gidan sauro, da mai kafa dumba ya datse hanyar ruwa daga gaɓa zuwa gaɓa, duk suna cin irin shukar baɗi ne. Mutanen Klallam sun ajiye komarsu shekara goma sha biyu don jikokinsu su sami abin kamawa. Hutun 'yan watanni a lokacin haihuwar kifi bai fi ƙarfin kowa ba, muddin hukuma ta tsaya a kan kowa daidai, ba ta kama ƙaramin masunci ta ƙyale mai uwa a gindin murhu ba.

Kifin da ake samarwa a ƙasar nan bai kai rabin abin da jama'a ke bukata ba, ana kuma kashe kuɗin musaya masu yawa wajen shigo da na ƙanƙara daga ƙetare. Kiwon tarwaɗa a kududdufi yana taimakawa, amma sai an sayi iri da abinci, alhali fadama tana renon nata kifin kyauta in an bar mata ruwanta. Amurka tana da dukiyar da za ta ɓata kogi ta dawo bayan shekara ɗari ta biya kuɗin gyara. Nijeriya ba ta da wannan rarar, kuma har yanzu akwai koguna irin su Jama'are da ba a gama datsewa ba, akwai fadamun da ke da sauran numfashi. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ma'aikacin da takardar wani aikin ruwa za ta biyo ta teburinsa, kafin ya sa hannu ya tambaya ina aka bar wa kifi hanya, kuma me aka tanadar wa mutanen da ke zaune a ƙasan madatsar.